Fuskar da Na'ura Ta Zana: Daga Sarakunan Rum Zuwa Sarauniyar Lugu

A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta tsare mutane a gidajensu, wani mai zane ɗan ƙasar Kanada, Daniel Voshart, ya tattara hotunan gumakan sarakunan daular Rum kimanin 800, ya zuba su cikin wata manhaja mai suna Artbreeder, sannan ya bi su da gyara a Photoshop. Abin da ya fito shi ne fuskokin sarakuna 54, tun daga Agustus, wanda ya hau mulki a shekara ta 27 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), har zuwa shekara ta 285 miladiyya. Kowanne da fatarsa da gashinsa da ƙwayar idonsa, kai ka ce jiya mai hoto ya ɗauke shi. Daga lokacin zuwa yau wannan fasaha, wadda ake kira ƙirƙirarriyar basira, ta shigo wayar da ke aljihun kowa, kuma duk yaron da ke da kuɗin data a Dogondutsi ko Tibiri zai iya cewa ta zana masa Sarauniya Mangu ta Lugu, ta zana kafin ya ajiye numfashi. Kafin mu karɓi irin waɗannan hotuna, ya kamata mu san abu guda: na'urar ba ta tuno fuskar kowa. Shaidar da aka ba ta take tufatarwa, inda shaidar ta ƙare kuma sai ta cike giɓin da abin da ta saba gani, ba tare da ta nuna inda ta yi cikon ba.

Dalilin haka yana cikin yadda ake gina ta. Ana ciyar da manhajar da hotunan mutanen wannan zamani masu ɗimbin yawa, har ta laƙanci yadda fata ke naɗewa a gefen ido, da yadda haske ke sauka a kan kunci. Ɗaya daga cikin rumbunan da aka fi amfani da su wajen wannan horo yana ɗauke da fuskoki 70,000 da aka kwaso daga shafin Flickr. Idan aka miƙa mata hoton gunkin dutse, sai ta riƙe tsarin hanci da goshi da haɓa, ta ɗora musu fata da launi daga abin da ta koya. Saboda haka kowane ƙurji da kowane silin gemu da ke sa mai kallo ya ce lallai wannan mutum ne, daga fuskokin mutanen yau aka aro shi. Rumbunan kuwa sun fi cika da fuskokin Turawa, kuma an ga sakamakon haka ƙarara a watan Yunin 2020, lokacin da aka ba wata manhaja mai suna PULSE dusashen hoton Barack Obama don ta fito da shi sarai, ta fito da fuskar Bature. Mutumin da duniya ta san kamanninsa ke nan, ina ga wanda ya rasu shekaru dubu biyu da suka wuce?

Duk da haka, sarakunan Rum sun fi kusan kowa a tsohuwar duniya barin shaida. Akwai gumakansu na dutse da na tagulla, akwai sulallan da aka buga da kawunansu da sunayensu, akwai kuma marubutan da suka siffanta su. Sai dai ita kanta shaidar tana da nata son zuciya. Gunkin sarki kirari ne da aka sassaƙa a dutse, kuma maroƙi bai taɓa kiran ubangidansa gajere ba. Agustus ya rasu a shekara ta 14 miladiyya yana da shekara 75, amma gumakansa har ƙarshen mulkinsa matashi suke nunawa, mai santsin fuska. Marubucin tarihi Suetonius, wanda ya zo kimanin shekara ɗari bayansa, ya ce haƙoransa ƙanana ne masu giɓi kuma sun lalace, girarsa a haɗe take, shi kuma gajere ne har yakan sa takalmi mai tudu. Wanda ya zuba gunkin Agustus cikin na'ura, abin da zai samu shi ne mutumin da fadar Rum ta so talakawa su gani. Akwai ma abin da ya fi haka. Bayan mutuwar Nero a shekara ta 68, masassaƙa sun sake fafe wasu gumakansa suka mayar da su fuskokin sarakunan da suka biyo baya, ta yadda kai ɗaya na iya ɗauke da kunnuwan wani da hancin wani. Kan dutsen da aka tsamo daga kogin Rhône a garin Arles na Faransa a 2007 kuwa, har yau masana na jayayya ko Yuliyus Kaisar ne ko wani daban.

Batun launin fata ya fi kowanne sarƙaƙiya. Romawa sukan shafa wa gumakansu fenti, amma tsawon zamani ya wanke shi, ya bar farin dutse. Septimius Severus, wanda aka haifa a Leptis Magna cikin Libiyar yau, yana da wani zane mai launi a kan katako da ke ajiye a Berlin, inda aka nuna shi ya fi matarsa Julia Domna duhu. Amma masu zanen wancan zamani sun saba ba maza launi mai duhu fiye da mata, don haka ko wannan shaidar sai an auna ta. Shi kansa Voshart sai da ya sake fitar da gyararren aikinsa, bayan ya gano cewa wasu bayanan launin gashi da ido da ya dogara da su sun fito ne daga wani shafin intanet na masu ra'ayin fifita farar fata. Ya kuma faɗa a fili cewa hotunan fassarar mai zane ne. Matsalar ita ce hoto ya fi bayaninsa saurin tafiya: idan ya shiga Facebook da WhatsApp, gargaɗin yana baya, fuskar tana gaba.

Idan haka abin yake ga masu gumaka da sulalla, sai mu dubi gida. A watan Afrilun 1899 ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine, wanda ya bar toka da gawawwaki a hanyarsa daga kogin Kwara zuwa gabas, ya auka wa Lugu, cikin gundumar Dogondutsi ta yanzu. Mutanen Sarauniya Mangu suka tsaya suka yi yaƙi da baka da kibiya, sannan suka janye cikin sarƙaƙiyar daji. Ayarin ya wuce ya yi kisan kiyashi a Birnin Konni a watan Mayu, kuma a watan Yuli sojojinsu da kansu suka kashe shugabannin biyu a yankin Tasawa. Wannan tarihi tabbatacce ne. Fuskar Sarauniyar kuwa, babu hoto ko zane ko sassaƙa na zamaninta da aka tabbatar nata ne. Abin da muke da shi siffofi uku ne da ba su jitu ba. Hafsoshin Faransa a rubuce-rubucensu tsohuwar matsafiya suka kira ta. Littafin Abdoulaye Mamani na 1980, da fim ɗin Med Hondo na 1986 wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a 1987, jaruma mai jini a jika suka nuna, kuma fuskar da mutane da yawa ke tunawa ta Aï Keïta ce, 'yar wasan Burkina Faso da ta fito a matsayinta. Al'adar Lugu kuma ta san Sarauniya a matsayin mace mai fararen kaya, mai zaman ɗaki, mai kaɗi, wadda ƙarfinta ke cikin alaƙarta da ƙasa da iskoki.

Wanda ya ce wa na'ura ta zana Sarauniya, daga cikin waɗannan za ta tsinto, ta gauraya da duk abin da intanet ke kira sarauniyar Afirka. Ba abin mamaki ba ne ta fito da kambin zinariya, da wuyan da aka cika da duwatsun ado irin na gabashin nahiyar, da sulken finafinan Amurka. Tsagar Arawa, mutanen yankin, mai tashi daga gefen baki zuwa kunne, da bambancin Arawa da Gubawa, da yanayin saƙin zane da kitson Arewa a ƙarshen ƙarni na 19, duk abubuwa ne da ba su da yawa a rumbun da ta yi karatu. Haka zancen yake ga Samna Karfe na Tibiri, wanda ya yi suna a yaƙe-yaƙen tsakiyar ƙarni na 19, da sarakunan Arewa a Matankari, da Baura na Bagaji. Mun ma riga mun ɗanɗana irin wannan ruɗani tun kafin zuwan fasahar: an daɗe ana yawo da hotunan da ake cewa na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, alhali Shehu ya rasu a 1817, fasahar ɗaukar hoto kuwa sai a 1839 aka bayyana ta ga duniya.

Wani zai ce ai masu zane sun daɗe suna ƙaga fuskokin magabata, kuma babu wanda ya ce sun yi laifi. Siffar Sarauniya Amina ta Zazzau a kan doki da takobi, wadda ta cika littattafan makaranta a Najeriya, ai hannun masu zanen ƙarni na 20 ce. Wannan gaskiya ne, kuma al'umma na da haƙƙin siffanta jarumanta. Bambancin yana wurin mai kallo. Zanen alƙalami da fenti yana shelanta kansa, duk wanda ya gan shi ya san hannun mutum ne da tunaninsa. Fim ma yana zuwa da sunayen 'yan wasa. Hoton na'ura kuwa yana sanye da rigar hoton kyamara, wanda fiye da shekara ɗari muka saba ɗauka a matsayin shaida, a katin ɗan ƙasa da jarida da kotu. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma nan ne haɗarin yake ga al'ummar da yawancin tarihinta a ji yake. Ranar da jika ya nuna wa kakarsa hoto a waya ya ce ga Sarauniya, labarin da tsohuwar ta gada daga nata kakannin zai fara neman hujja a gaban abin da aka ƙaga cikin daƙiƙa goma.

Wani kuma zai ce fasahar tana ƙuruciya ne, nan gaba za ta ƙware. Za ta ƙware, amma a wajen sa hoto ya yi kama da gaske, domin ƙwarewa ba ta haifar da shaidar da babu ita. Misalin sarkin Ingila Richard na Uku ya isa. An tono ƙasusuwansa a birnin Leicester a 2012, gwajin ƙwayoyin gado ya tabbatar shi ne, masana suka gina fuskarsa a kan siffar ƙoƙon kansa. Duk da haka, da ƙarin bincike ya nuna alamun gashi mai haske da shuɗin ido, sai da aka canja wa siffar gashi da idanu. Ga ƙoƙon kai, ga jinin dangi, ga tsoffin zane-zanensa, amma sai da aka yi gyara. Inda babu ko ɗaya daga cikin ukun, abin da ci gaban na'ura zai ƙara shi ne wuyar gane cewa ƙage ne.

Hujja mafi nauyi ita ce ta masu cewa idan ba mu zana namu ba, wasu za su zana mana, kuma matasa sun fi kula da abin da suka gani. Wannan magana abin dubawa ce, kuma ba ta kai mu ga haramta fasahar ba. Abin da take nema shi ne ƙa'ida. Duk wanda ya ƙera hoton wani magabaci ya rubuta a jikin hoton, inda ba za a yanke ba, cewa zanen na'ura ne. Ya faɗi abin da ya dogara da shi, ya kuma tuntuɓi zuriyar mutumin da dattawan garinsa, musamman a wuri irin Lugu inda sarautar ke da alfarmar addinin gargajiya kuma har yanzu akwai masu riƙe da al'adarta. Malamin makaranta kuwa zai iya mayar da irin waɗannan hotuna darasi: ya sa ɗalibai su tambayi wane ne ya yi, daga wace shaida, kuma wane ɓangare ne ciko. Yaron da ya iya waɗannan tambayoyi a kan Agustus zai iya su a kan hoton ɗan siyasa ko malamin da aka ƙaga masa abin da bai yi ba.

Aikin da ya fi gaggawa dai shi ne tara shaidar kanta. Abin da aka sani a rubuce game da Arewa ya dogara ƙwarai da masu binciken da suka zauna gaban dattawa, irin Marc-Henri Piault wanda littafinsa kan tarihin Arawa ya fito a 1970, da cibiyoyi irin IRSH da CELHTO a Yamai, masu adana muryoyi da rubuce-rubuce. Wayar da ke zana fuskar ƙarya tana iya naɗar muryar tsoho a Matankari yana jero sunayen sarakuna, ko ta ɗauki hoton tsagar tsohuwa a Gecheme, da tsohon kwari da baka, da zanen saƙi da ke ƙasan adaka. Ana daina yi wa jarirai tsaga, masu ɗauke da ita suna tsufa, masu riƙe da zuriyar gidaje a ka suna raguwa kowace shekara. Hoton na'ura ana iya yin sa a kowane lokaci, ko bayan shekara hamsin. Hira da dattijon da ya ji labarin yaƙin Lugu daga bakin kakansa kuwa, yanzu ne lokacinta, kuma ɗaliban Dogondutsi da Tibiri su ne suka fi kowa kusa da ƙofar gidansa.