FASHIN BAƘI: Yadda ake shimfiɗa ciyawa a tankin kifin ado, da dalilin da ya sa irin da ake tallatawa a intanet ba ya yi

Duk mai bibiyar shafukan masu kiwon kifin ado a Instagram ko TikTok ya san hoton: akwatin gilashi cike da ruwa garai-garai, duwatsu uku ko biyar a tsaye, ƙasan kuma kore shar kamar an shimfiɗa darduma. A ƙarƙashin hoton sau da yawa akwai talla, wai ƙullin iri ne mai arha, a barbaɗa shi a kan ƙasa, cikin mako guda a ga shimfiɗa. Matsalar ita ce tsirran da ke cikin hoton ba da iri ake yawaita su a kasuwa ba. Dasa su ake yi.

Salon ya samo asali ne daga Japan. Takashi Amano, mai ɗaukar hoto da ya rasu a 2015, shi ya mayar da tankin kifi wurin tsara lambu, inda tsiro da dutse ke kan gaba, kifi ya biyo baya. Ya kafa kamfanin Aqua Design Amano a 1982, kuma hotunansa ne suka sa duniya ta san Glossostigma, wani ɗan tsiro na Ostareliya da New Zealand mai ganye kamar ƙwayar shinkafa. Akwai kuma wasu a kasuwa: Hemianthus na ƙasar Kuba, wanda ganyensa ya fi na kowa ƙanƙanta, da Monte Carlo na Ajantina, da Eleocharis mai kama da gashi, da Marsilea.

Abin da ya haɗa su duka shi ne yaɗo. Kamar ciyawar kiri-kiri a bakin fadama, tsiron kan miƙa reshe a kwance, ko a saman ƙasa ko a ƙarƙashinta, kowace gaɓa ta saki saiwa ta fitar da ganye. Manomin dankali ya san wannan hikima: ba ya neman ƙwayar iri, yaɗon yake yanka ya binne. Wasu daga cikin tsirran suna fure har su yi 'ya'ya a inda suka fito, amma gidajen renon tsirrai ba da 'ya'yan suke aiki ba. Suna sayar da su ne a tukunya, ko a cikin ɗan kofin roba da aka rena a ɗakin gwaje-gwaje, babu katantanwa babu gansakuka a jikinsu.

To, mene ne a cikin ƙullin irin? Babu wanda zai iya faɗa kafin ya tsiro, kuma nan yaudarar take. Galibi irin tsirran tudu ne, ko na wasu tsirran ruwa masu tsayi irin dangin Hygrophila. A makon farko kowace ƙwaya kan fitar da ganye biyu ƙanana, dubbai a jere, sai wurin ya yi kama da darduma sak. A lokacin ne mai saye ke ɗaukar hoto yana yabon mai kaya. Bayan 'yan makonni sai tsirran su miƙe sama su zama jeji, ko su ruɓe a cikin ruwa. Ruɓar kan ɓata ruwan da sinadarin amoniya, wanda ke kashe kifi. Kafin nan an daɗe da cin kuɗin.

Hanyar gaskiya ba ta da wuya, haƙuri kawai take ci. Ana wanke tsiron a cire abin da aka rene shi a ciki, sannan a rarraba shi gida-gida, kowane kaso bai wuce girman farcen yatsa ba. Da matsefata mai tsawo ake cusa kowane kaso a ƙasa, a bar tazarar santimita 2 zuwa 3 tsakaninsu, kamar dashen shinkafa. Sabon shiga yakan dasa curi guda babba don ya ga kore da wuri. Kuskure ne, domin tsakiyar curin ba ta samun haske, sai ta ruɓe, shi kuwa ƙaramin kaso yana da filin yaɗo ta kowace fuska. Ƙasar ma tana da sharaɗi: mai ƙananan ƙwayoyi ce ake so, mai abinci a cikinta, kaurinta ya kai santimita 4 ko 5. Tsakuwa manya ba ta riƙe saiwar da ba ta fi zare kauri ba.

Akwai dabarar da ke rage wahala ƙwarai, wato fara dashen kafin a cika tankin da ruwa. Yawancin waɗannan tsirrai 'yan bakin rafi ne, suna rayuwa a cikin ruwa da wajensa. Sai a jiƙa ƙasar ba tare da ruwa ya kwanta a kanta ba, a dasa, a rufe bakin tankin da farar leda, a kunna fitila kimanin awa 10 a rana. Kullum a buɗe na ɗan lokaci don iska ta shiga, a fesa ruwa kaɗan. Cikin mako huɗu zuwa shida saiwa ta kama, sannan a zuba ruwa a hankali. Amfanin hakan biyu ne: tsiron yana samun iskar kabon kyauta daga sararin tankin, kuma ba ya tasowa saman ruwa kafin ya kafu. Abokiyar gaba a wannan mataki ita ce fumfuna, wadda ke son zafi da rufaffen wuri.

Da zarar ruwa ya rufe tsiron, lissafi ya canza. Iskar kabon da ke narke a ruwa kaɗan ce, kuma Hemianthus da Glossostigma ba sa yin kyau sai an ƙara musu ita daga tukunyar gas, har ta kai wajen miligiram 30 a kowace lita. Idan ta zarce haka da yawa, kifi ne zai shaƙe. Haske kuma sai an auna: awa 6 zuwa 8 ya isa. In ya yi rauni tsiron ya bar yaɗo ya miƙe sama yana nemansa, in ya yi yawa babu iskar kabon daidai da shi, gansakuka ta mamaye komai. Monte Carlo da Marsilea sun fi haƙuri, suna iya yi ba tare da gas ba, sai dai a hankali.

Ga mai zaune a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, akwai abin da bidiyon 'yan Turai ba ya faɗa. Yawancin tsirran nan sun fi jin daɗi a ruwa mai ma'aunin zafi 22 zuwa 26, alhali a watan Afrilu zafin waje kan haura 40, ruwan ɗaki kuma ya wuce 30 cikin sauƙi. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwan tana rage maki biyu ko uku, amma ita ma wuta take ci, kamar fitila da matatar ruwa. Wanda ba shi da sola ko batir, gara ya fara a lokacin hunturu, kuma ya zaɓi tsiro mai juriya.

Idan shimfiɗa ta cika, sai aski. In an bar ta ta yi kauri, ta ƙasa kan mutu, wata rana a wayi gari dukan dardumar ta ɓalle tana yawo a saman ruwa. Abin da aka aske daga Monte Carlo ko Hemianthus shi ne sabon dashe, don haka kofi guda na iya cika tanki biyu ko uku a cikin shekara.

Sauran da ba a buƙata kuwa, wurin zubar da shi ba ƙaramin zance ba ne. A 1984 aka ga wani tsiron teku na ado, Caulerpa, a fili da bai wuce murabba'in mita ɗaya ba a ƙarƙashin gidan adana halittun ruwa na Monaco. Daga nan ya bazu a gaɓar ƙasashe da dama na Bahar Rum, kowane gutsure na zama sabon tushe. Wani nau'in Hygrophila ma yana cikin jerin ciyayin da gwamnatin Amurka ta haramta shigo da su. Masunta da manoman Haɗeja da Nguru, waɗanda kachalla ta toshe wa hanyoyin ruwa, ba sa buƙatar a yi musu bayanin ɓarnar ciyawar ruwa, ko da yake ita ba daga tanki ta fito ba. A Najeriya, shigo da iri ko tsiro daga waje sai da izinin hukumar NAQS mai kula da killace kayan gona, kuma ƙullin da ya zo a ambulan ba suna ba takarda bai bi wannan hanya ba. Abin da aka aske, a shanya shi a rana ya bushe ƙayau, a ƙulle a leda a jefa a shara. Kada ya shiga kwata.