Darakta mai zafi: yadda na daina kai fushin lakol gida

Shekarata tara ke nan ina riƙe da alli. A makarantar horas da malamai an koya mana shirya darasi da riƙon aji, amma ba wanda ya koya mana zama da shugaba mai zafin rai.

A watan Oktoban bara aka kawo mana sabon darakta a wata lakol ta jihar Maraɗi. Ni ke da ajin CM2, yara fiye da 70 cikin rumfar zana. Kowace safiya kafin ƙarfe 8 sai kayen shirin darasi ya isa teburinsa ya sa hannu. Wannan ƙa'ida ce, ban ƙi ba. Abin da ya ci mini rai, a gaban yara yake gyara. Wata rana ya jefo mini kayen: "Mushe, wannan ne aikin?" Ajin ya yi tsit. Malamin da aka zubar wa girma gaban ɗalibai, da wane baki zai tsawatar musu?

Na yi ta haɗiyewa har ranar da maiɗakina ta ce: "Malam, yara sun fara tsoron dawowarka." Ashe fushin lakol nake saukewa a gida.

A taron CAPED, inda malaman yanki ke haɗuwa su ƙara wa juna sani, wani dattijon malami ya ce mini haƙuri ba shiru ba ne. Na fara rubuta duk umarnin da darakta ya ba ni, da kwanan wata, don kada gobe a ce ba haka aka ce ba. Sannan na same shi a ofis bayan la'asar, mu biyu. Na ce: "Ranka ya daɗe, gyaranka na karɓa, amma a yi mini shi a nan." Ya daɗe bai tanka ba. Daga baya ya ce shi ma inspekta na matsa masa kan sakamakon yara.

Halinsa bai sake duka ba, har yanzu yana faɗa. Amma bai ƙara yi mini gaban aji ba. In ya koma, akwai konseye, akwai sandika, kuma takardata na hannu. Kai da ke cikin irin wannan hali, kada ka jira sai iyalinka sun fara biyan bashin da ba su ci ba.