Rabin amp kacal: Yadda ake harhaɗa saba mai cin wuta kaɗan

Duk wanda ke son ajiye kwamfutarsa a ɗaya daga cikin cibiyoyin adana bayanai na haya, tambayar farko da za a yi masa ita ce: wuta nawa take ci? Maganar girmanta sai daga baya.

Irin wannan kwamfuta, wadda ake kira saba, ita ce ke riƙe da shafukan intanet da wasiƙun imel, kuma ba a kashe ta dare da rana. Ƙananan kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane kan sayi tasu, su kai ta wata cibiya mai tsayayyar wutar lantarki da na'urorin sanyaya ɗaki da layin intanet mai ƙarfi, suna biyan haya duk wata.

Ana jera sabobin ne a cikin wasu kantoci na ƙarfe, kuma ana auna gurbin kowace da ma'aunin da ake kira U, wanda tsayinsa bai kai santimita huɗu da rabi ba. Kanta guda kan ɗauki gurabe 42.

Sai dai kowane gurbi yana zuwa da ƙa'idar wuta. A Birtaniya, alal misali, wasu kamfanoni kan haɗa gurbi guda da rabin amp. Da yake ƙarfin wutar ƙasar volt 230 ne, hakan na nufin wat 115 ke nan, wato bai kai cin ƙwai biyu na lantarki irin na da masu wat 60 ba. Wanda ya zarce wannan iyaka zai ga ƙarin kuɗi a takardar hayarsa, ko kuma a nemi ya sauya na'urarsa.

Dalilin ƙa'idar

Masu cibiyoyin ba rowa suke yi ba. Kusan duk wutar da saba ta ci tana komawa zafi, kuma dole a sake kashe wata wutar a fitar da zafin. Binciken shekara-shekara na cibiyar Uptime Institute ya nuna cewa a 2024, a kan kowane wat guda da kwamfutoci suka ci, cibiyoyin na kashe ƙarin fiye da rabin wat a kan sanyaya wuri da sauran hidimomi. A 2007 ƙarin ya kai wat ɗaya da rabi.

Haka kuma kowace kanta tana rataye ne a kan layin wuta mai iyaka. Idan saba guda ta ja fiye da kima har na'urar katse wuta ta faɗi, sabobin maƙwabta ma duk sai su mutu tare da ita.

A wasu wurare wutar ce ma ke neman gagara. Hukumar ƙididdiga ta Ayalan ta ce a 2023 cibiyoyin adana bayanai sun cinye kashi 21 cikin ɗari na wutar da aka auna da mita a ƙasar.

Ina wutar ke tafiya?

Babban mai ci shi ne firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Manyan na zamani sun yi wa wannan iyaka nisa: akwai samfurin EPYC da kamfanin AMD ya fitar a 2024 wanda aka ƙiyasta masa wat 500 shi kaɗai. Don haka mai rabin amp sai ya koma ga ƙanana, kamar wasu daga jerin Xeon E na kamfanin Intel masu wat 65.

To amma ko da wat 65 ɗin, lissafin bai cika fita ba. A ɗauka babban allon kwamfutar da ɗan guntun da ke ba da damar sarrafa ta daga nesa za su ci wat 15, sandunan ma'adanar wucin gadi guda huɗu su ci 12, faifan ajiya biyu su ci 8, fankoki kuma 10. An kai wat 110.

A takarda an tsira. Sai dai akwatin da ke juya wutar bango zuwa wadda kwamfuta ke amfani da ita yana da nasa kason. Idan ingancinsa kashi 90 cikin ɗari ne, abin da mitar cibiyar za ta nuna ya kai wat 122. An ƙetare iyaka ke nan.

A nan ne da yawa ke yin tuntuɓe, domin adadin da ake rubutawa a jikin firosesa ma'auni ne na zafin da ya kamata a iya fitarwa, kuma firosesan na iya zarce shi na ɗan lokaci idan aiki ya taso. Abin da ƙwararru kan yi shi ne su shiga saitin kwamfutar su yanka masa iyaka, a ce wat 45. Saurin da ake rasawa bai taka kara ya karya ba, musamman ga sabar da aikinta bai wuce miƙa shafukan intanet ba.

Akwatin wutar ma sai an zaɓa da lura. Tsarin tantance inganci na 80 Plus, wanda aka fara a 2004, ya nuna cewa waɗannan akwatuna sun fi inganci idan suna ɗauke da kusan rabin nauyin da aka ƙera su dominsa. Sanya mai wat 750 a kan na'urar da ke cin wat 80 asara ce, duk da cewa mutane na yin haka da sunan riga-kafi.

Sai fankoki. Gurbin U guda siriri ne, don haka fankokinsa ƙanana ne masu gudun tsiya da ƙara. Idan gudun fanka ya ninka biyu, wutar da take ci kan ninka kusan sau takwas. Saboda haka rage zafin firosesa riba biyu ce: shi ya rage ci, fankoki ma su lafa.

Lokacin tashi

Duk mai ƙaramin janareta ya san yadda yake gurnani a daidai lokacin da firji ya tashi. Haka abin yake ga saba. Faifan ajiya mai juyawa kan ci wat 5 zuwa 9 yana cikin aiki, amma a daƙiƙun farko na tashi yana iya jan sama da wat 20. Idan guda huɗu suka tashi lokaci guda, fankoki kuma suna kan iyakar gudunsu kamar yadda suke yi a farkon kunnawa, sai iyakar ta fashe.

Maganin shi ne a saita faifan su riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, ko a koma ga faifan SSD marasa juyawa. Su ma a duba takardarsu, domin wasu manyan samfuransu na kamfanoni kan kai wat 25.

Wannan ne ya sa ya kamata a tambayi mai cibiya tun kafin a sayi ko da kusa guda: shin matsakaicin ci yake aunawa, ko kuwa ƙololuwa? Kamfanoni sun bambanta a kan haka, kuma amsar ce ke nuna irin kayan da za a saya.

Wasu kuma sun kauce wa matsalar baki ɗaya. Tun 2005 wani kamfani a Las Vegas ta Amurka, Macminicolo, ya fara karɓar ƙananan kwamfutocin Mac mini haya. A 2019 kuwa, lokacin da aka ƙaddamar da Raspberry Pi 4, kwamfutar da ba ta fi tafin hannu ba, kamfanin Mythic Beasts na Birtaniya ya ɗora shafin sanarwar a kan tarin waɗannan 'yan na'urori, kowace tana cin wat ƙalilan. Amma ba kowane aiki suke iya ɗauka ba, kuma yawancinsu ba su da tanadin sarrafawa daga nesa, wanda ke ceton mai saba daga tafiya cibiyar da tsakar dare.

Matakin ƙarshe kafin a kai saba cibiya shi ne gwaji a gida. Ana jona ta da ƙaramar mitar bango, a kashe ta a sake kunnawa ana kallon adadin, sannan a ɗora mata aiki mafi nauyi na wasu sa'o'i. Amp ake dubawa tare da wat, domin da amp aka rubuta yarjejeniyar. Idan mita ta tsaya wajen amp 0.4, akwai sauran sarari na ƙara faifai guda nan gaba.