Sa'ad da Ƙwaƙwalwa Ta Rikita Zuciya

Mukan ji an ce, "Tsoro ne ya kashe shi." Dā mun ɗauka zance ne kawai, ashe da gaskiya a ciki.

Zuciya da kanta take bugawa, sau 60 zuwa 100 a minti, amma linzaminta yana hannun ƙwaƙwalwa. Wata jijiya takan sa ta sassauta, waɗansu kuwa zuga ta suke yi. In razana ta yi yawa, zuciya mai rauni takan bar bugu ta shiga makyarkyata, jini ya tsaya, mutum ya faɗi sumamme nan take.

A 2015 masana a Jami'ar Mishigan ta Amurka sun ga ƙwaƙwalwar ɓeran da ya rasa iska tana ta aika wa zuciya saƙo ba ƙaƙƙautawa. Da suka datse hanyar saƙon, sai zuciyar ta fi daɗewa tana aiki. Abin mamaki, mai neman ceto shi ne ke gaggauta faɗuwa!

In wani ya faɗi a gabanmu ba ya numfashi, kada mu tsaya yayyafa ruwa. A aika neman taimako, mu kuwa mu riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, gama ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan kamar minti biyar ba jini.