Lantarkin Rana Ya Yi Arha, Me Ya Hana Duniya Barin Kwal da Fetur?

A kowace rana ta Allah duniya tana shanye mai wajen ganga miliyan 100. Kwal kuwa, wanda wasu ke zaton zamaninsa ya wuce, a shekarar 2022 an ƙona sama da tan biliyan 8 nasa, fiye da rabi a ƙasar Sin kaɗai. Idan aka haɗa waɗannan biyu da iskar gas, su ne ke samar da kusan kashi 80 cikin 100 na dukkan makamashin da ɗan Adam ke amfani da shi. A farkon shekarun 1970 kason nasu ya ɗan haura haka kaɗan ne kawai. Wato bayan rabin ƙarni na taruka da alkawura, ƙafar ba ta ɗaga da nisa ba, domin bukatar kanta kullum ƙaruwa take yi, duk sabuwar hanyar da aka samo sai ta hau bisa tsofaffin maimakon ta ture su.

Illar wannan ba ɓoyayya ba ce. Ƙona waɗannan abubuwa ya saki iskar kabon wajen tan biliyan 37 a 2023. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iskar sararin samaniya, kimanin 280 ne na kabon. A 2023 adadin ya kai wajen 420. Wannan iska ce ke riƙe zafin da ya kamata ya fice daga doron ƙasa.

Abin mamaki shi ne, maganin ya yi arha. Daga 2010 zuwa 2023 kuɗin samar da lantarki daga manyan tashoshin hasken rana ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100. To me ya hana a rungume shi? Akwai dalilai na fasaha: rana tana faɗuwa, batir yana da tsada, sa'an nan narkar da ƙarfe da gasa siminti da tashin jirgin sama ba su sauya makamashi cikin sauƙi. Amma ga matalautan ƙasashe babban cikas yana wajen kuɗi, musamman lokacin da ake biyan su.

Mai karatu ya dubi tela ko mai shagon aski. Janareta ba shi da wuyar saye, sai dai kullum yana cin mai, mai shi yana biya kaɗan-kaɗan daga cinikin ranar. Farantin sola ba ya shan ko ɗigo, amma kuɗinsa da na batir gaba ɗaya ake zubewa tun ran farko. Wanda ba shi da jari sai ya zauna da janareta, ko da ya san a ƙarshe shi ne mai tsada. Haka lamarin yake ga ƙasa sukutum. Tashar gas rabon kuɗinta mai yawa yana tafiya ne wajen mai, shekara bayan shekara. Tashar rana kuwa kusan duk kuɗinta na gini ne, kuma da bashi ake gina ta. Alal misali, a ce an ranto dala miliyan 100 za a biya cikin shekara 20. Idan kuɗin ruwa kashi 5 ne cikin 100, abin da za a riƙa biya a shekara kimanin dala miliyan 8 ne. Idan kashi 15 ne, sai ya koma kusan miliyan 16. Faranti iri ɗaya, rana ɗaya, amma wutar ta ninka tsada tun ba a kunna ta ba.

Nan ne Afirka ta makale. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa nahiyar tana da kashi 60 cikin 100 na wuraren da suka fi dacewa da lantarkin rana, amma kashi 1 kacal na farantan da aka kafa a duniya ke cikinta. Mutum wajen miliyan 600 ba su da wuta, alhali hayaƙin da nahiyar ke fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 ba. A Nijeriya, Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Ina mai hankalin da zai ci bashin shekara 20 a kan haka? An dai taɓa: a 2023 an buɗe tashar rana mai megawat 10 a Kumbotso ta jihar Kano, da wata mai megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai. Sai dai idan aka auna da bukatar jama'a, wannan ɗigo ne a cikin tulu.

Shi ya sa tarukan sauyin yanayi suka zama kasuwar ciniki. A Kopenhagen a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara zuwa 2020. Sai a 2022 aka cika, kuma kaso mafi tsoka rance ne. A Baku a 2024 aka ɗaga alkawarin zuwa biliyan 300 a shekara, zuwa 2035, ƙasashe masu tasowa da dama suka ce ya yi kaɗan ƙwarai. Nijeriya ta ɗauki alkawari a Gilasgo a 2021 cewa za ta daidaita hayaƙinta zuwa 2060, shirin da ta fitar a 2022 kuma ya nuna tana bukatar ƙarin kimanin dala biliyan 10 a kowace shekara. Afirka ta Kudu, wadda galibin wutarta daga kwal take, an yi mata alkawarin dala biliyan 8.5 a wancan taro na Gilasgo don ta fara rufe tsofaffin tashoshinta. Da aka baje takardun sai aka ga kyautar da ke ciki ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, mafi yawa bashi ne, kuma a watan Maris na 2025 Amurka ta janye daga yarjejeniyar.