Koyon Aikin Jinya: Abin da Ya Sa Ɗalibai Ke Aiki a Gefen Gadon Majinyaci

Mutumin Unguwar Lalle ko na Isa da aka kwantar a babban asibiti a Sakkwato ya kan ga samari da 'yan mata cikin fararen tufafi suna biye da babbar nas, suna auna zafin jiki, suna wanke miki, suna rubutu a littafi. Waɗannan ɗalibai ne masu koyon aikin jinya. Waɗansu majinyata su kan ƙi yarda ɗalibi ya taɓa su, wai ba su zo asibiti don a yi koyo da su ba. Waɗansu iyaye kuma su kan ɗauka watannin da 'ya'yansu ke yi a ɗakin majinyata bauta ce kurum, karatu na cikin aji ne. An buga wannan takarda domin jama'a su san yadda al'amarin ya ke.

Asalin tsarin

Tun 1860, da Florence Nightingale ta buɗe makarantarta a asibitin St Thomas na London, aka aza koyon jinya bisa aiki da hannu. A Nijeriya an kafa hukumar kula da aikin jinya a 1947, sa'an nan a 1979 aka gama ta da ta unguwarzoma, suka zama hukuma ɗaya. Ita ke tsara karatu, ta yi jarrabawa, ta ba da lasin. Cikakken karatun nas ba ya kasa shekara uku, a jami'a kuwa biyar ne. A Sakkwato ana yinsa a Kwalejin Koyon Jinya ta jiha, da makarantar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ma'aikatan lafiya na karkara kuma ana horar da su a kwalejin Gwadabawa.

Hawa uku na koyo

Ba a kai ɗalibi gaban majinyaci da farko. A watannin farko yana ɗakin gwaji ne, inda ya ke koyon gyaran gado, da wanke hannu bisa ƙa'ida, da riƙon sirinji, a jikin mutum-mutumin roba. Sai ya ci jarrabawa ya wuce hawa na biyu, watau ɗakunan majinyata. Nan za a zagaya da shi ɗakin maza, da na mata, da na yara, da ɗakin haihuwa, da na tiyata, dare da rana. Ya kan fara da kallo, ya taimaka, kana ya yi da kansa malami na tsaye. Yana da littafi wanda malami ke sa hannu a kan kowane aiki da ya ga ɗalibin ya iya. Hawa na uku shi ne zama a ƙananan asibitocin ƙauye. A jarrabawar ƙarshe ma, bayan ta rubutu, tilas ɗalibi ya yi aiki da hannunsa a gaban masu jarrabawa.

Abin da littafi ba ya koyarwa

Littafi ya faɗi cewa yaro ɗan shekara 1 zuwa 5, idan numfashinsa ya kai 40 a minti ɗaya, a yi zaton ciwon huhu. Amma ƙirga numfashin yaron da ke kuka yana fizge-fizge, sai wanda ya saba. Littafi ya ce idan kaurin damtsen yaro ya kasa santimita 11 da rabi, tamowa ta yi tsanani. Aza ma'auni a daidai tsakiyar damtse kuwa aikin hannu ne. Haka nan neman jijiya a hannun wanda amai da gudawa suka tsotse, domin a yi masa ƙarin ruwa. Haka nan gane sanƙarewar wuya tun da wuri, a ƙasar da sanƙarau ya yi ɓarna a 1996 da 2017. Da koyo a kan iya, in ji Hausawa.

Amfaninsa ga ƙasar Gobir

Daga ƙauyukan Sabon Birni da Isa zuwa Sakkwato tafiya ce mai nisa. Da damina Gulbin Rima ya kan cika, hanyoyi su ɓaci, ga kuma rashin tsaron hanya na 'yan shekarun nan, wanda ya sa tafiyar dare ta zama kasada. Ma'aikacin da ke ɗakin shan magani na ƙauye sau da yawa shi kaɗai ne, ba likita kusa. Idan mace ta haihu jini ya ɓalle mata da tsakar dare, ba lokacin buɗe littafi. Abin da hannunsa ya saba da shi, shi zai yi. Saboda haka ɗalibin da aka hana aiki yau a Sakkwato, mutanen garinsu ne za su sha wahalar rashin gwanintarsa gobe.

Abin da a ke bukata daga jama'a

Majinyaci yana da haƙƙi ya tambayi wanda ke lura da ɗalibin, kuma ba laifi mace ta nemi ɗaliba mace ta duba ta. In an cika waɗannan, ya kamata ya yi haƙuri ya ba da dama. Iyaye kada su janye yaro daga asibiti saboda girbi ko biki, domin kwanakin da ya rasa sai ya rama su. Su kuma bincika tukuna ko hukuma ta amince da makarantar da za su kai shi, ko tana da asibitin da ɗalibai ke aiki a ciki. Ɗalibi kuwa kada ya nemi a sa masa hannu a kan aikin da bai yi ba, kada kuma ya yi wa mutane allura a gida kafin ya sami lasin. Rai da a ke ɗanka masa amana ce.