Me Ya Sa Muryarka Ke Makara a Kan Kiɗa?

Ka taɓa tsayawa daga nesa kana kallon mai faskare yana aiki? Za ka ga gatari ya sauka a kan icce, sai bayan ɗan lokaci ƙarar saran ta iso kunnenka. Mai faskare bai makara ba. Sauti ne ke da tafiya a gabansa, yana cin kimanin mita 343 a kowane sakan. Riƙe wannan a ranka, domin irinsa ne ke faruwa a cikin kwamfutarka.

A ce ka buɗe manhajar Audacity, wadda kyauta ce kuma masu naɗar sauti a gida suke amfani da ita tun shekarar 2000. Ka ɗora kiɗa, ka sa abin ji a kunne, ka rera waƙarka kana taka kiɗan daidai. Da ka sake saurare, sai ka ji muryarka tana jan ƙafa a bayan kiɗan. Mutane da yawa a nan suke zargin kansu, su yi ta maimaitawa har murya ta dushe. Alhali laifin ba na kunnensu ba ne. Jinkirin hanya ne, wanda masu sana'ar ke kira latansi.

Bari mu bi hanyar. Kwamfuta ba ta san murya ba, lambobi ta sani. Saboda haka takan auna sautin sau 44,100 a kowane sakan, ta mayar da kowane awo lamba. Amma ba ta kwasar lambobin nan ɗaya-ɗaya. Yadda motar haya ba ta barin tasha sai ta cika, haka ita ma take jira su taru. Idan motar mai cin awo 512 ce, cikarta na ɗaukar kusan milisakan 12, wato kashi 12 cikin 1,000 na sakan. Kiɗan da ke fitowa zuwa kunnenka sai ya hau mota, muryarka da ke shiga ita ma sai ta hau tata, ga kuma tsaye-tsaye a katin sauti da cikin kwamfutar kanta. Kafin muryar ta sauka, kiɗan ya riga ya yi gaba.

Kada ka raina wannan ɗan lokaci. A kiɗa mai bugu 120 a minti, tsakanin bugu da bugu milisakan 500 ne. Makarar milisakan 125 kenan rubu'in bugu ce cur. Ko wanda bai san kiɗa ba zai ji waƙar ba ta zauna ba, kamar lugude ne da taɓarya ɗaya ke sauka a makare.

Abin daɗin shi ne, muddin ba ka canza kayan aiki ba, jinkirin ba ya canzawa sosai. Mai agogon da kullum yake latti da minti biyar ba ya rasa mota, don ya san abin da zai ƙara. Audacity ma tana da gurbin gyaran latansi a cikin saitin na'urorin sauti, kuma ta zo da lamba -130 a ciki. Sai dai wannan kintace ne, kamar rigar kanti: tana iya yi maka daidai, tana iya yi maka yawa. Gara ka auna da kanka.

Da farko ka mayar da lambar nan sifili, domin ka ga jinkirin yadda yake ba tare da wani gyara ba. Sannan ka sa manhajar ta ƙirƙiro maka layin ƙwanƙwasa, irin ƙas-ƙas ɗin da ake bin lokaci da shi. An zaɓe shi ne don kowane bugu nasa yana da kaifin farko da ido ke iya gani.

Na biyu, ka sa abin da ke fita ya dawo ciki. In kana da wayar haɗi, ka haɗa ramin fitar sauti da ramin shigarsa, ka rage ƙarfi tukuna. In babu, ka manna abin jin kunnenka a bakin makirufo. Ka manna shi sosai, domin kowane santimita 34 na tazara yana ƙara milisakan ɗaya. Ka tabbata manhajar tana kunna sauran layuka yayin naɗa, ka kuma kashe zaɓin jin kanka, don kada sauti ya yi ta zagaye ya zama ƙugi.

Na uku, ka naɗi kamar sakan goma a sabon layi, ka tsayar. Yanzu layi biyu ne a gabanka, na asali a sama, wanda ya dawo a ƙasa. Ka ƙara girman hoton har bugu ɗaya ya cika allo. Za ka ga na ƙasa ya ɗan matsa dama. Wannan tazarar ita ce jinkirinka, ga shi ido ya gani. Ka zaɓo daga farkon bugun sama zuwa farkon na ƙasa, ka sa ma'aunin da ke ƙasan allo ya nuna tsawon da milisakan. Ka auna a wuri uku don ka natsu.

A ce ka samu 152. Sai ka koma gurbin nan ka rubuta -152. Me ya sa da alamar ragi? Domin kana cewa manhajar, duk abin da na naɗa, ki janyo shi baya da wannan adadi. Ka goge layin gwaji, ka sake naɗa. In bugun biyu sun tsaya kai da kai, ka gama. In na ƙasa ya rage makarar 4, ka mayar da lambar -156. In kuma ya riga na sama isowa, gyaran ya yi yawa, sai ka rage.

Waƙar da ka riga ka naɗa ma ba ta lalace ba. Ka kama layin muryar ka ja shi hagu daidai adadin da ka auna.

Wannan lamba ta kayan da ka auna ce kawai. Ranar da ka canza makirufo, ko katin sauti, ko girman motar nan, sai ka sake awo. Yana da kyau ka rubuta kowane haɗi da lambarsa a takarda kusa da kwamfuta. Abin ji na Bluetooth kuwa ka ajiye shi lokacin naɗa, don jinkirinsa babba ne kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Mai waya ya fi.

Saura abu ɗaya da ke rikita masu koyo. Gyaran nan yana aiki ne a kan abin da aka naɗa kawai. In kana jin muryarka tana dawo maka a makare yayin da kake rerawa, bai isa ya hana ba, don babu mai dawo da sautin da bai iso ba tukuna. Maganin wannan daban ne: in katin sautinka yana da maɓallin jin murya kai tsaye, ka danna shi. In babu, ka kashe jin kanka a manhaja, ka zame abin ji daga kunne ɗaya, ka ji muryarka a iska. Kana iya rage girman motar ma, amma in ta yi ƙanƙanta kwamfuta za ta gaza, sauti ya riƙa yankewa.

Duka aikin nan bai wuce minti goma ba. Bayansa, in ka ɗora murya a kan kiɗa, ko amshi a kan murya, abin da za ka ji shi ne ainihin abin da ka rera. In ya zauna, kai ka zaunar da shi. In ya goce, ka san inda za ka gyara.